Wai Akwai Ɓarawo Na Kirki?

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa na ga ya kamata in fito da ita fili, mai jin haushi ya ji. Asalin maganar daga wani wasa ne na mutanen Amurka da Turai, amma in kun yi haƙuri kun biyo ni har ƙarshe za ku ga ta fi ƙarfin wasa. Waɗansu daga cikin masu yin wasan nan, har da waɗansu masu rubuta littattafansa, suna cewa wai in ɓarawo ya kafa wa kansa ƙa'ida, ya ce ga wanda zai yi wa sata ga kuma wanda ba zai taɓa ba, to, ya fita daga sahun miyagu ya shiga na mutanen kirki. Ni na ce wannan magana banza ce, banza kuwa mai cutarwa. Ga dalilaina nan tafe, ku auna da kanku.

Yadda wasan ya ke

Bari mu fara da wasan kansa, tun da ba kowa ya taɓa ganinsa ba. Mutum huɗu ko biyar su kan zauna kewaye da tebur, kowa da takarda da fensir. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai jan labari. Shi ke faɗin yadda gari ya ke, da wanda ke sarauta, da abin da ke bayan kowace ƙofa. Sauran kuwa kowa ya ƙago mutum guda, ya raɗa masa suna, ya rubuta sana'arsa da halinsa, ya sa ƙarfinsa da wayonsa da saurinsa cikin lambobi. Wannan mutum da aka ƙago shi za mu riƙa kira mutumin takarda. Mai jan labari ya ce, "Kun iso ƙofar birni da magariba, dogarai sun riga sun rufe." Sai mai wasa ya ce, "Mutumina zai hau ganuwa." Daga nan sai a jefa ɗan ludo, watau ɗan abin nan mai ɗigo-ɗigo da a ke jefawa a wasan ludo, sai dai nasu akwai mai fuska 4, da mai 6, da mai 8, har da mai fuska 20. In lamba ta yi kyau ya haye, in ta ɓaci ya faɗo. Kada ku ɗauka caca ce. Ba a zuba kuɗi, ba kuma wanda ke cinye wani. Tatsuniya ce da a ke haɗuwa a yi tare, ba wanda ya san ƙarshenta, har mai janta.

Uban irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi cikin shekarar 1974. A bugun farko sana'a uku kaɗai ke akwai: mayaƙi, da matsafi, da malamin addini. Cikin 1975 aka ƙara ɓarawo, mai buɗe kwaɗo ba mabuɗi, mai yanke aljihu, mai sanɗa cikin duhu, mai sukar mutum ta baya. Kafin shekarar ta fita aka ƙara makashi, wanda a ke biya ya yi kisa. Masu wasan sun ari siffar ɓarawonsu ne daga littattafan hira, musamman na wani marubuci, Fritz Leiber, wanda ya ƙago wani birni, Lankhmar, inda ɓarayi ke da ƙungiya da shugaba da dokoki kamar dai maƙera ko marina. Tun daga ran nan ɓarawo ya sami kujera a bakin tebur, bai tashi ba har yau.

Yadda aka yi ta wanke shi

To, da ɓarawo ya zauna, sai tambaya ta taso: wane irin mutum ne shi? Littafin da Gygax ya fitar cikin 1978 ya raba halin mutane gida tara, kamar gurabun dara. Ta gefe guda a duba ko mutum mai bin doka ne, ko mai tawaye, ko ɗan ba-ruwana. Ta ɗaya gefen a duba ko nagari ne, ko mugu, ko tsaka-tsaki. Uku sau uku tara ke nan, kowane mutumin takarda kuwa tilas a ba shi gida guda. A wannan littafi an ce makashi ba shi da gida sai na mugunta. Ɓarawo kuma ko mugu ko tsaka-tsaki, da ƙyar a sami wanda zai leƙa gidan nagarta.

Ku dubi abin da ya biyo baya. A bugun 1989 aka buɗe wa ɓarawo gidaje takwas, aka hana shi ɗaya kaɗai, na nagari mai bin doka. Cikin 2000 aka buɗe masa duka taran, aka kuma soke sunan ɓarawo daga kan sana'ar, aka sa wata kalma mai laushi wadda ta yi kusa da tantiri ko hatsabibi. Hausawa sun ce suna linzami ne, su ma sun san haka. Sa'an nan a littafin 2014 aka kai maƙura. Can an ce mai wasa yana iya rubuta cewa mutuminsa ya taso cikin aikata laifi, aka jera masa aƙidu shida ya ɗauki guda. Wata ta ce ba ya yi wa 'yan'uwansa ɓarayi sata. Wata ta ce kuɗi kawai ya sani. Wata ta ce amanar abokansa kaɗai ya ke riƙewa. Wata kuwa ta ce yana kwashe na attajirai ne don ya taimaki mabukata, a gefenta aka rubuta cewa mai wannan aƙida nagari ne. In mai wasa ya rasa wadda zai ɗauka, sai ya jefa ɗan ludo mai fuska 6, wadda ta faɗo ita ce aƙidarsa.

Ku ji fa! Aƙidar mutum, abin da ya kamata ya tsaya a kai ko da za a yanka shi, an mai da ita abin jefa ƙuri'a. Ba ina nufin marubutan sun yi haka da mugun nufi ba. Sun so su sauƙaƙe wa sabon shiga ne, ya sami abin kamawa. Amma abin da sabon shiga ya kan koya daga wannan jeri shi ne, kalma guda da aka rubuta a kusurwar takarda ta isa ta wanke duk abin da hannu zai aikata daga baya.

Ƙa'idar da ba ta ci maka kome ba

Ga dalilina na farko. A ce wani saurayi ya zo tebur da mutumin takardarsa, ya ce, "Nawa ɓarawo ne, amma mai ƙa'ida. Ba ya taɓa talaka, ba ya kashe yara." Madalla. To, mu tambaye shi: me talaka ke da shi da za a sata? A cikin wasan dukiya tana gidan attajiri ne da taskar sarki, ba mai ɓata dare a bukkar mai tallan itace. Ashe ɓarawon nan ya haramta wa kansa abin da dā ma ba ya so. Kura ce ta rantse ba za ta ci ciyawa ba. Yara kuwa, sau nawa mai jan labari zai sa yaro ya tare masa hanya? Watakila a yi shekara ana wasa ba a kai ga haka ba. Sai ya zama yana yawo da ƙa'ida kamar mai yawo da laya, tana rataye a wuya, ba ta hana shi kome.

Yanzu mu bi shi gidan attajirin. Ya haura katanga, ya shaƙe mai gadi, ya ɗaure baiwar da ta farka, ya fasa akwati, ya fita. Da gari ya waye ya jefa wa almajirai sulalla biyu daga cikin ɗari, ya ce shi nagari ne, ga shi ma a rubuce. Wa ya tambayi mai gadi? Shi ba attajiri ba ne, talaka ne da ke kwana cikin sanyi don 'ya'yansa su ci tuwo. Wa ya tambayi baiwar da za a tuhuma da haɗa baki, a yi mata bulala? Wa ya tambayi masaƙa da fatake da ke bin attajirin bashi, waɗanda yanzu zai ce musu ba shi da shi? Ɓarawon da ya rantse ba ya taɓa talaka ya taɓa talakawa goma a dare ɗaya. Abin da ya sa bai gani ba, mai jan labari bai ba su suna ba, bai ba su fuska ba, ya bar su lambobi kawai a takarda.

Ƙa'ida ba ta amsa sunanta sai ran da ta raba mutum da abin da ya ke so. Ran da ɓarawon nan ya tarar ba yadda zai fita da dukiyar sai ya bi ta kan yaron da ya gan shi, ya ajiye dukiyar ya fita hannu wofi, ko ya tsaya aka kama shi, ran nan za mu yarda yana da ƙa'ida. Kafin wannan rana, ado ne kawai.

Wa ƙa'idar ke karewa?

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi, shi kuwa sai mun bar tebur mun leƙa tarihi, gama masu wasan daga can suka aro maganar amanar ɓarayi. Gaskiya ne miyagu na ainihi sun yi dokoki, har sun rubuta su. Akwai wani ɗan fashin teku, Bartholomew Roberts, mutumin ƙasar Wales, wanda daga 1719 zuwa 1722 ya kama jiragen ruwa wajen 400. Wani littafi da aka buga a Landan cikin 1724 ya kawo dokokin jirginsa. Kowa yana da ƙuri'a in za a yanke shawara. Ba caca da kuɗi. A kashe fitilu da ƙarfe takwas na dare. Wanda ya ɓoye wani abu daga ganimar jama'a a yashe shi a tsibiri. Wanda ya rasa hannu ko ƙafa wajen aiki a ba shi dala 800 daga asusun kowa. Har makaɗa an ba su hutun ranar Lahadi. Wanda ya karanta wannan sai ya ce kai, waɗannan ai sun fi waɗansu sarakuna adalci.

To, ku ji sauran. Cikin watan Janairu 1722 Roberts ya shiga tashar Wida, a gaɓar ƙasar da yanzu a ke kira Jamhuriyar Benin, ya tarar da jiragen masu cinikin bayi, ya ce kowane ya fanshi kansa da zinariya. Duk suka biya sai kyaftin ɗin wani jirgi mai suna Porcupine ya ƙi. Mutanen Roberts suka cinna wa jirgin wuta, alhali akwai bayi 'yan Afirka wajen 80 a ciki, ɗaure da sarƙa biyu-biyu. Waɗanda ba su ƙone ba suka faɗa ruwa, suka nutse ko kifaye suka cinye su. A cikin dokokin nan masu kyau, da suka tuna da fitila suka tuna da makaɗa, ba layi ɗaya da ya hana wannan. Wata guda bayan haka jirgin yaƙin Ingila ya kashe Roberts a gaɓar Gabon, aka yi wa mutanensa shari'a a Cape Coast ta ƙasar Gana, aka rataye 52. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

In kun ce wannan tsohon labari ne, ga na kusa. A tsibirin Sisili na ƙasar Italiya akwai ƙungiyar miyagu da a ke kira Mafiya, masu kiran kansu mutanen mutunci. Cikin Nuwamba 2007, da 'yan sanda suka kama wani shugabansu, Salvatore Lo Piccolo, kusa da birnin Palermo, suka sami takarda mai dokoki goma. A ciki an ce kada ɗan ƙungiya ya dubi matar abokinsa, ya girmama matarsa, ya cika alkawari, kada ya ci kuɗin 'yan'uwansa. Wannan ƙungiya ce fa cikin 1993 ta sace yaro ɗan shekara 12 don ubansa ya fara ba hukuma labari, ta tsare shi kwana 779, sa'an nan ta kashe shi cikin Janairu 1996.

Kun ga inda maganar ta dosa. Dokar ɓarayi katanga ce, tana kāre na ciki daga junansu domin sana'a ta ɗore. In ɓarayi suna yi wa juna sata, ƙungiya ta watse. In suna tona wa juna asiri, igiya ta hau wuyan kowa. Hausawa da suka ce sata a gidan ɓarawo rance ce sun gane cewa tsakaninsu lissafi ne kawai. Wanda ke wajen katanga kuwa, ni da ku ke nan, ba shi da rabo cikin wannan amana, shi ne ma abin da a ke rabawa.

Na san za a kawo mini Robin Hood, ɗan fashin dajin Ingila da a ke cewa yana ƙwace na mai shi ya ba marar shi. Shi ne kakan duk ɓarayin kirki na kan tebur. Amma shi mutumin waƙa ne da tatsuniya, waƙar ma an yi ta goge ta shekara da shekaru. A ɗaya daga cikin mafiya tsufan waƙoƙinsa, ta wajen shekarar 1450, yaransa sun tare wani malamin coci sun kashe shi, suka kuma kashe ɗan yaron da ke yi masa hidima don kada ya ba da labari. Wani masanin tarihi na Ingila, Eric Hobsbawm, ya rubuta littafi cikin 1969 yana cewa akwai 'yan fashin da talakawa ke ɗauka gwarzayensu. Cikin 1972 wani masani, Anton Blok, wanda ya yi bincike a Sisili, ya mai da masa amsa cewa galibin 'yan fashi talakawan su ke firgitawa, manya kuwa su ke yi wa aiki. Mu nan ba sai an kai mu Sisili ba. Ƙauyuka da dama a Zamfara da Katsina da Sakkwato sun ga 'yan bindiga masu sa wa gari haraji kafin a yi shuka ko girbi, in an biya su ce sun ba da amana. Ku tambayi manomin da ya sai da akuyarsa ya biya, ko ya ɗauki mai karɓar nagari ne don ya cika alkawarin ƙyale shi wata uku.

Masu cewa a kore shi

Wani zai ce, "To, malam, tun da haka ne, a kori ɓarawo daga tebur mana, a hana yara wasan ɗungum." A nan kuma na rabu da su, rabuwa mai nisa. An riga an gwada wannan a Amurka. Wata mata, Patricia Pulling, ɗanta ya kashe kansa cikin 1982, ta ɗora laifin a kan wasan, ta kai ƙara kotu aka kori ƙarar, ta kafa ƙungiya cikin 1983 don yaƙi da shi. Baƙin cikin uwa abin tausayi ne, ba mai yi mata dariya. Amma tsoron da ya bazu a shekarun nan ya sa kamfanin TSR, mai buga wasan, ya cire makashi daga babban littafin 1989, ya kuma sāke wa shaiɗanun cikin wasan suna. Me aka samu? An share kalmomi daga takarda, takobi yana nan, wuƙa tana nan. A dokokin farko ma kowane sulai na zinariya da mutumin takarda ya kwaso ya kan zama maki guda na ci gaba, ko shi mayaƙi ne ko malamin addini. Ashe duk teburin 'yan wawaso ne, ɓarawo kaɗai ya amsa sunansa.

Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, mai cin amana, ya cuci kura ya cuci zaki ya cuci matarsa Ƙoƙi. Kakanninmu ba su hana a ba yara labarinsa ba, ba su kuma taɓa cewa Gizo mutumin kirki ne ba. Sun bar shi da wayonsa da ƙazantarsa gaba ɗaya, yaro ya yi dariya, ya kuma gane irin mutumin da zai yi hattara da shi a kasuwa. Wanda ya kori Gizo daga tatsuniya ya raba yaro da wannan ilmi. Wanda ya naɗa wa Gizo rawani ya ce waliyyi ne ya fi shi ɓarna.

Wasannin da suka kama hanya

Abin farin ciki, cikin masu ƙago wasannin akwai waɗanda suka gane haka, suka sa shi cikin dokokinsu. Ga uku.

Akwai GURPS, na Steve Jackson, wanda ya fito cikin 1986. A wannan wasa ana sayen baiwa da maki, in kuwa mai wasa ya yarda ya ɗora wa mutuminsa wata naƙasa, kamar gurguntaka ko makanta, sai a mayar masa da maki. To, ƙa'idar mutunci a cikin jerin naƙasa aka sa ta. A bugun 2004 ƙa'idar ɗan fashin teku maki 5 ce, ta barden sarki kuwa 15. Dalili? Ƙa'ida tana ɗaure hannu, wadda ta fi ɗaurewa ita ta fi tsada. Ta ɗan fashi ba ta wuce rama zagi da tsaya wa aboki ba, don haka ta yi araha. Wanda ya tsara wannan lissafi ya fahimci abin da na ke faɗi sarai.

Akwai Vampire: The Masquerade, na Mark Rein-Hagen, na shekarar 1991. A nan mutanen takarda matattu ne masu shan jinin mutane, irin na tatsuniyar Turawa, kusa da abin da mu ke kira mayu. Kowanne yana da ma'aunin mutuntaka daga 10 zuwa sifiri, kowane mataki da laifin da ke gabansa. Sata tana wajen mataki na 7, kisan ganganci yana can ƙasa. In mutumin takarda ya aikata laifi a jefa ɗan ludo a ga ko zuciyarsa ta yi nadama, in ba ta yi ba ya sauka mataki guda. Abin tsoron shi ne, da ya sauka, laifin jiya ya daina damunsa, sai wanda ya fi shi muni. Ran da ya kai sifiri an karɓe takardar daga hannun mai wasa ke nan, mutuminsa ya zama dabba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ƙaramin ɓarawon kasuwa ke zama ɗan fashi ya san wannan tsani gaskiya ne.

Na uku shi ne Blades in the Dark, na John Harper, na shekarar 2017. A nan ba ɓoye-ɓoye, duk masu wasan ƙungiyar miyagu ce a wani birni mai duhu, Doskvol: ko ɓarayi, ko 'yan fasa-ƙwauri, ko makasa. Amma kowane aiki yana jawo musu abin da wasan ke kira zafi, watau idon hukuma, in an yi kisa kuwa zafin ya ƙaru. Zafi ya cika, sunansu ya hau takardar waɗanda a ke nema, ba kuwa abin da ke sauke shi sai wani ya shiga kurkuku, ko ɗan ƙungiya, ko abokinsu, ko wani da suka ƙulla wa sharri. Nan ne a ke gane mai amana, gama sai an zauna an dubi juna an ce wa za a bayar. Ban da wannan, kowane mutumin takarda yana tara damuwa, ba ya sauke ta sai ta hanyar jarabarsa, ko caca ko shaye-shaye ko wanin haka. In damuwa ta cika ta bar masa tabo a zuciya, tabo huɗu kuwa ya tashi daga aiki. Wannan wasa bai yi wa kowa wa'azi ba, ya dai bar alhaki ya bi mai shi, kamar kwikwiyo.

Abin da na ke roƙo

Saboda haka, ya kai mai jan labari, ko a Amurka ka ke ko a ina, ga roƙona. In saurayi ya zo maka da ɓarawo mai ƙa'ida, kada ka kore shi, kada kuma ka sa masa hannu a takarda ka wuce. Karɓe shi, ka rubuta ƙa'idar tasa a gabanka, sa'an nan ka shirya ranar da za ta tsaya tsakaninsa da akwatin zinariya. Ka ba mai gadi suna. Ka sa ɓarawon ya gamu da matar mai gadin a kasuwa bayan kwana bakwai tana sai da tukwanenta. In ya riƙe ƙa'idarsa ya yi hasara, bar shi ya ji zafin hasarar, kada ka mayar masa ta bayan gida, gama in ka mayar ka koya masa cewa kirki ciniki ne. In ya karya ta, kada ka yi masa faɗa, bar birnin ya tuna.

Kai kuma mai wasa, yi ɓarawonka da kyau, ka ji daɗin hawan ganuwa da buɗe kwaɗo, ba laifi. Ba na musun cewa ɓarawon da ya ƙi kisa ya fi wanda ke kisa dama, yadda zazzaɓi ya fi sanƙarau dama. Amma ka san sunan abin da ka ke yi. Mutuminka yana iya zama mai ƙarfin hali, mai tsaya wa aboki, mai ban dariya, mai ban tausayi, ya zama duk wannan, ya kuma zama ɓarawo. In kana so ya zama nagari, hanya ɗaya ce, ita ce wadda kowa ya sani: ya bar satar, ya mai da abin da ya ɗauka, ya nemi gafarar waɗanda ya cuta. Wannan ma labari ne mai daɗin yi a kan tebur, ya fi na jefa wa almajirai sulalla biyu.

Abin da ya sa na tsawaita a kan wasa, mutum ya kan tashi daga tebur da abin da ya saba faɗi a kai. Wanda ya shekara yana cewa "nawa ɓarawon nagari ne, ai yana rabawa," ran da ya ga wani ya kwashe dukiyar jama'a ya gina rijiya ɗaya da sunansa a jiki, bakinsa ya riga ya saba da uzurin. Wanda kuwa ya shekara yana ganin fuskar mai gadi, in an nuna masa rijiyar zai tambayi ina sauran kuɗin. Irin wannan na biyu mu ke bukata, a tebur da wajen tebur. Allah ya ba mu ikon kiran abu da sunansa, amin.